Wa zai zaɓi wakilan, wa zai riƙe linzaminsu? Muhawara kan taron gyaran kundin tsarin mulkin Amurka

Nura Indiyana: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna wata doka ta jihar da nake zaune, Indiyana, wadda aka kafa a 2013 lokacin Mike Pence yana gwamna. Doka ce a kan wakilan wani taro da har yau ba a taɓa yin sa ba.

Sashe na biyar na kundin tsarin mulkin Amurka ya ba da hanya biyu ta kawo gyara. Ta farko, majalisar tarayya ta gabatar da gyaran da rinjayen kashi biyu bisa uku a kowane zaure. Ta biyu, majalisun dokoki na kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 34 cikin 50, su nema, sai majalisar tarayya ta kira babban taro ya tsara gyaran. Ko ta wace hanya aka bi, sai jihohi 38 sun amince kafin ya shiga kundi. Gyare-gyare 27 da aka yi duk ta hanyar farko suka zo. Sashen kuma bai ce uffan ba game da wanda zai zaɓi wakilan taron, ko yawansu, ko yadda za su kaɗa ƙuri'a.

To sai Indiyana ta yi nata tanadin. Majalisar dokokin jiha ce za ta naɗa wakilai da na ko-ta-kwana, ta rubuta musu umarni, su yi rantsuwa a kansa. Wanda ya kaɗa ƙuri'a a kan abin da ba a aike shi ba, ƙuri'arsa ta ɓaci, ya rasa kujerarsa, na ko-ta-kwana ya maye gurbinsa, sannan ana iya gurfanar da shi da babban laifi. Fulorida ta yi makamanciyarta a 2014. Tambayata: wannan doka za ta iya riƙe wakili kuwa idan an rufe ƙofar zauren taro? Ni dai hankalina bai kwanta ba, domin 'ya'yana a ƙarƙashin wannan kundi za su rayu.

Sagir: Wa alaikumus salam Yaya Nura. Ni ina ganin doka ce mai kyau ƙwarai. Wanda ya san gidan yari na jiransa in ya dawo, zai yi tunani sau biyu kafin ya ci amana. Mu nan Najeriya ai rashin irinta ce ta sa daliget suke yin yadda suka ga dama a zaɓen fidda gwani, su dawo gida babu mai tambayarsu.

Zainab: Yaya Nura, don Allah in tambaya, me ya sa ake ta wannan shiri bayan ba a kira taron ba? An kusa kai wa 34 ɗin ne?

Nura Indiyana: An taɓa kusantowa, Zainab. A ƙarshen shekarun 1960 yunƙurin Sanata Everett Dirksen kan rabon mazaɓu ya kai jihohi 33. Na tilasta wa gwamnatin tarayya daidaita kasafin kuɗi ya kai 32 a 1983, daga baya wasu jihohin suka janye. Akwai kuma sabon yunƙuri da aka fara a 2013 na masu son rage ƙarfin gwamnatin tarayya da sa wa 'yan majalisa wa'adi, wanda ya samu jihohi 19 zuwa 2022. Ba 'yan mazan jiya kaɗai ba ne. Vermont da Kalifoniya da wasu sun nemi taro a kan kuɗin da ake zubawa a yaƙin neman zaɓe. Duk lokacin da aka kai maganar gaban wata majalisar jiha, abin da 'yan adawa ke cewa ɗaya ne: taron zai ƙwace, ya taɓa abin da ba a aike shi ba. Waɗannan dokoki amsa ce ga wannan tsoro.

Barista Hauwa: Sagir ƙanena, bari in ɗan taka maka burki. Kafin a yi maganar gidan yari, sai an fara amsa tambaya ɗaya: aikin wa wakilin yake yi a cikin zauren, na jiha ko na tarayya?

Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa shiga kusa da wannan. A 1920, a shari'ar Hawke da Smith, jihar Ohio ta so ta kai amincewar da majalisarta ta yi wa wani gyara gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama. Kotu ta ce a'a. Bayan shekara biyu, a shari'ar Leser da Garnett, ta ƙara fayyace cewa idan majalisar jiha tana amincewa da gyaran kundin tarayya, aikin tarayya take yi, ikon daga kundin tarayya ya fito, dokar jiha ba ta isa ta ɗaure shi ba. To duk lauyan da zai kare wakilin da Indiyana ta gurfanar, nan zai fara tsayawa. Zai ce idan majalisar jiha da kanta ba a iya ɗaure ta a wannan aiki, ta yaya ita za ta ɗaure wakilin da ke zaune a taron da majalisar tarayya ta kira?

Ɗaya ɓangaren ma yana da abin riƙewa. A 2020, a shari'ar Chiafalo, kotun baki ɗaya ta yarda cewa jiha na iya hukunta wakilin zaɓen shugaban ƙasa da ya saɓa alkawarinsa. Jihar Washington ta ci wasu tarar dala dubu ɗaya kowannensu bayan zaɓen 2016, kotu ta ce daidai ne. Sai dai a can, kundin ya faɗa ƙarara cewa jiha ce ke naɗa waɗannan wakilai ta hanyar da majalisarta ta tsara. A sashe na biyar babu irin wannan jimla. Wannan giɓin shi ne duk rigimar.

Sagir: Anti Barista, ke nan dokar banza ce?

Barista Hauwa: Ban ce banza ba. Na ce ba a gwada ta ba, kuma ranar da za a gwada ta, aikin gama ya riga ya gama. Ka duba yadda abin zai gudana. Wakili ya ɗaga hannu da ƙarfe sha ɗaya na safe, shugaban taro ya ƙirga, aka sanar da sakamako. Dokar Indiyana ta ce ƙuri'ar ta ɓaci. To a littafin wa ta ɓaci? Magatakardan taron ba ma'aikacin Indiyana ba ne. Idan dokokin taron ba su ce a saurari jiha ba, an riga an rubuta. Ka ɗaure mutumin shekara biyu in ka so, ƙuri'arsa tana nan.

Malam Ɗanlami: Allah ya saka da alheri Barista. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rarrabe wakilci gida biyu. Akwai wakilin da aka sakar wa al'amari gaba ɗaya, akwai wanda aka keɓe wa abu guda. Mutum ya wakilta ƙaninsa ya karɓo wa ɗansa auren wance a kan sadaki kaza, ya je ya karɓo na wata daban, auren bai lizimci wanda ya aike shi ba sai in ya yarda daga baya. Ina ganin haka masu wannan doka suke kallon abin. Jiha ce mai aike, wakili ɗan aike ne. Kuma yardar da ake nema daga baya ai tana nan, ita ce ta jihohi 38. Me ya sa ake ɗaga hankali?

Dokta Bashir: Allah ya gafarta Malam, abin da ke ɗaga hankalin mutane shi ne abin da ya faru a Filadelfiya a 1787, domin shi ne kaɗai babban taron kundi na ƙasa baki ɗaya da suka taɓa yi.

Majalisar wancan lokaci ta amince da taron ne a watan Fabrairu 1787 da sharaɗin cewa aikinsa kawai gyara tsohuwar yarjejeniyar haɗin kan jihohi. Jihohi 12 suka aika wakilai, Rhode Island ta ƙi. Mutum 55 suka halarta. Ɗaya daga cikin abubuwan farko da suka yi bayan zaɓen George Washington shugaban taron shi ne kafa dokar sirri: ba a fitar da abin da aka faɗa a ciki. Ana tsakiyar zafin bazara, mutane cikin manyan kwat na ulu, amma aka rufe tagogi don kada na waje ya ji. Bayanan da James Madison ya riƙa rubutawa kullum ba a buga su ba sai 1840, bayan duk waɗanda suka zauna a ɗakin sun mutu. Wace majalisar jiha ce za ta sa ido a kan wakilin da ba ta san abin da yake faɗa ba?

Ga Delaware. Takardar da ta ba wakilanta ta hana su yarda da duk wani canji ga ƙa'idar jiha ɗaya ƙuri'a ɗaya. An karanta wannan a zauren tun ranar farko. Ƙarshenta aka fito da majalisa mai zaure biyu, ɗaya ana raba kujerunsa bisa yawan jama'a, kuma wakilan Delaware suka sa hannu. Ga Niyok. Ta aika mutum uku. Biyu, Robert Yates da John Lansing, suka ga taron ya wuce abin da aka aike su, suka tattara kayansu a watan Yuli suka koma gida. Taron bai tsaya ba. Alexander Hamilton ya sa hannu shi kaɗai ranar 17 ga Satumba.

Sannan maganar yarda daga baya da Malam ya kawo. Tsohuwar yarjejeniya ta ce ba a gyara ta sai duk jihohi 13 sun amince. Taron ya ce tara sun isa. Su da kansu suka canza ma'aunin da za a auna aikinsu da shi.

Nura Indiyana: Dokta, don adalci, masu goyon bayan taron suna da amsa a kan wannan. Suna cewa ba majalisar tarayya ce ta fara kiran taron Filadelfiya ba, Virginia ce ta fara gayyata bayan taron Annapolis na 1786, kuma takardun yawancin jihohi sun ba wakilai faffadan iko na gyara tsarin tarayya yadda zai biya buƙatar ƙasa. Niyok da Massachusetts ne suka bi ƙuntataccen lafazin majalisa. Suna kuma cewa taron sashe na biyar a ƙarƙashin kundi yake, ba zai iya rage 38 ɗin ba.

Dokta Bashir: Na san hujjar, kuma tana da ƙarfi a wasu wurare. Amma ka lura, ita kanta tana nuna cewa komai ya rataya ne a kan lafazin takardar aike da kuma halin mutanen da aka aika. Wakilan Delaware ba maciya amana ba ne. Sun zauna wata huɗu, sun ji hujjar wasu, sun samo wa ƙaramar jiharsu daidaito a majalisar dattawa, suka ga ya ishe su. Jiharsu ce ma ta fara amincewa da kundin ranar 7 ga Disamba 1787. Da akwai dokar Indiyana a lokacin, da masu laifi ne. Wannan ya kamata ya sa mu tsaya mu yi tunani.

Alhaji Mamman Maraɗi: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Ku bar ni in faɗi abin da muka gani a Nijar, don mu ba a littafi muka karanta ba. A 1991 aka buɗe taron gamin gambiza a Yamai ranar 29 ga Yuli, ba a rufe ba sai 3 ga Nuwamba. Gwamnatin Janar Ali Saibou ce ta yarda a yi shi. Da aka zauna, taron ya ce shi ne mai cikakken iko a ƙasa. Ya dakatar da kundin tsarin mulki, ya rushe gwamnati, ya bar wa shugaban ƙasa suna kawai, ya naɗa Amadou Cheiffou firaminista na riƙon ƙwarya, André Salifou da ya shugabanci taron ya koma shugaban majalisar riƙo. Benin ta riga mu yin haka a 1990.

Lokacin duk inda ka bi a kasuwa rediyo ne a kunne, mai shayi ya ɗora tasa a kan tebur mutane sun kewaye, ana jin yadda ake yi wa manya tambayoyi a bainar jama'a. Yawancinmu mun yi murna, don mulkin soja ya ishe mu. Amma abin da nake so ku riƙe shi ne, babu takardar da ta ba su wannan iko. Sun ɗauka ne, jama'a suka mara musu baya, shi ke nan ya zauna.

Barista Hauwa: Ranka ya daɗe Alhaji, wannan shaida ce mai nauyi. Bambancin da zan nuna kawai, a Nijar ta 1991 gwamnatin ta riga ta raunana, ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai sun cika titi, babu wata hukuma da jama'a suka fi yarda da ita sama da taron. A Amurka akwai majalisun jihohi 50 da kotuna da majalisar tarayya, kuma jihohi 13 kacal sun isa su kashe kowane gyara. A mafi yawan jihohi ma zaure ɗaya ya ƙi ya wadatar. Ni ba na tsoron taron zai ayyana kansa mai cikakken iko. Abin da nake tsoro ya fi wannan ƙanƙanta kuma ya fi kusa: a aike su kan kasafin kuɗi, su fito da lafazi mai faɗi wanda zai taɓa tallafin lafiya da na tsofaffi, su ce ai duk kasafi ne. Wa zai ce sun wuce iyaka? Indiyana ta tanadi kwamitin manyan alƙalan jiha da wakili zai iya tambaya kafin ya kaɗa ƙuri'a. Tunani ne mai kyau. Amma alƙalan Indiyana su ce ya wuce, na wata jiha su ce bai wuce ba.

Zainab: To ni abin da ban gane ba, me ya sa 'yan majalisa ne za su zaɓi wakilan? Me zai hana jama'a su zaɓa da kansu?

Nura Indiyana: Kin taɓo inda ya fi damuna, ƙanwata. Tekzas ma ta wuce nan, dokarta ta 2017 ta ce wakilan dole su kasance 'yan majalisar jihar ne. Wato su suka nemi taron, su za su naɗa, su za su je, su za su sa wa kansu ido. Kuma a jihohi da yawa an yanka mazaɓu ta yadda jam'iyya ɗaya ke riƙe da majalisa ko da ƙuri'un jama'a sun kusa rabuwa biyu. Jam'iyyar da ke da rinjayen kujera ɗaya za ta iya kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. Sauran rabin jama'ar jihar ba su da baki a ɗakin da ake taɓa kundin ƙasarsu. Wannan bai yi mini ba ko kaɗan, ko wace jam'iyya ce ke sama.

Dokta Bashir: Kuma ba haka kowa ya ɗauka ba tun asali. Sanata Sam Ervin ya kawo ƙudirin da zai tsara irin wannan taro, majalisar dattawa ta amince da shi a 1971 da kuma 1973, amma ya mutu a majalisar wakilai. A tsarinsa jama'a ne za su zaɓi wakilai, ɗaya daga kowace mazaɓar tarayya, biyu daga jiha baki ɗaya. Kun ga wannan ya saɓa da tsarin jiha ɗaya ƙuri'a ɗaya da masu yunƙurin yanzu suke so, irin wanda aka bi a Filadelfiya da taron sulhu na Washington a 1861. Bambancin ba ƙarami ba ne. Wyoming ba ta kai mutum dubu 600 ba, Kalifoniya tana da kusan miliyan 39. Kuma tunda kundin ya ce majalisar tarayya ce ke kiran taron, za ta iya cewa ita ke da ikon tsara yadda za a zaɓi wakilai. Ranar da ta faɗi haka, duk dokokin jihohin nan sun shiga kotu.

Akwai misali ɗaya da jama'a suka zaɓi wakilai kuma aka ga biyayya. A 1933, da za a soke haramcin giya, an bi ta tarukan jihohi wajen amincewa. 'Yan takarar wakilci sun fito fili, wannan na sokewa ne, wancan na bari ne, mai zaɓe ya san abin da yake zaɓa. An gabatar da gyaran a Fabrairu, zuwa 5 ga Disamba an gama. Amma tambayar e ko a'a ce. Taron da zai rubuta sabon lafazi ba haka yake ba.

Baba Audu: 'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Ni tsoho ne, na ga taruka uku ko huɗu a nan Najeriya, bari in sa baki.

Majalisar tsara kundi ta 1977 zuwa 1978, wadda Mai shari'a Udo Udoma ya shugabanta, akasarin 'ya'yanta majalisun ƙananan hukumomi ne suka zaɓe su. Da aka zo kan maganar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya, wakilai Musulmi da yawa suka fice daga zauren a watan Afrilu 1978. Babu dokar da ta ce su fice, babu wadda ta ce su zauna. Sun san abin da mutanen da suka turo su za su tambaye su in sun koma gida. Bayan an gama kuma, gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara abin da ta ga dama a kundin, har da dokar mallakar filaye.

Taron ƙasa na 2014 kuwa, wakilai 492 ne, Mai shari'a Idris Kutigi na shugabanta, babu ko ɗaya da talaka ya jefa wa ƙuri'a. Naɗi ne daga gwamnati da gwamnoni da ƙungiyoyi. Tun makonnin farko rigima ta tashi a kan adadin da za a yanke hukunci da shi, kashi 75 ko kashi biyu bisa uku, har Lamiɗon Adamawa ya yi barazanar ficewa, aka daidaita a kan 70. An yi wata biyar, aka miƙa rahoto, yana nan a ajiye. Da aka zo kare shi, babu jama'ar da za su ce namu ne, don ba su suka aika ba.

Saboda haka Nura, ni ban damu da yawan shekarun ɗauri da aka rubuta ba. Ka faɗa mini wa ya zaɓi mutumin, kuma wa zai kalli idonsa in ya dawo.

Sagir: Baba, Allah ya ƙara girma, amma zaɓen jama'a ma ai kuɗi ne. A Amurka tun hukuncin 2010 da ya buɗe ƙofar kashe kuɗi a siyasa, wanda ke da biloniya a bayansa shi zai cika talabijin da talla. Zaɓen wakilin taro kuma mutane kaɗan ne za su fito. Gara 'yan majalisa, aƙalla an san su, kuma za su sake neman ƙuri'a.

Baba Audu: Gaskiya ne ɗana, ban musa ba. Amma sayen mutum dubu ɗari ya fi sayen mutum biyar wuya.

Hajiya Rabi: Ni ba lauya ba ce, malamar asibiti ce a nan Amurka, amma ina da tambaya ga Barista. Kiranye fa? Idan aka ga wakili ya fara karkata, ba sai a janye shi tun kafin ya kaɗa ƙuri'a ba? Wannan ai ya fi jiran ya yi ɓarna a kai shi kotu.

Barista Hauwa: Hajiya, wannan shi ne makamin da na fi yarda da shi, kuma yana da tsohon tushe. Tsohuwar yarjejeniyar da ta gabaci kundin yanzu ta ba kowace jiha ikon janye wakilanta daga majalisa a kowane lokaci ta aika wasu. Amma kiranye yana buƙatar abu biyu. Na farko a ga abin da ake yi, zama a buɗe, kowace ƙuri'a da sunan mai ita. Idan taron ya kafa dokar sirri irin ta 1787, kiranye ya mutu tun ranar farko. Na biyu, mai janyewar ya kasance yana nan. Majalisun jihohi da yawa ba kullum suke zama ba. Ta Tekzas sau ɗaya take zaman yau da kullum a shekara biyu, kwana 140. Montana da Nevada da North Dakota su ma shekara bibbiyu ne. Idan taron ya faɗo lokacin hutu, sai dai a miƙa ikon ga wani ƙaramin kwamiti. Kun ga an koma hannun mutum kaɗan, shugabannin majalisa da na kusa da su.

Da ni ake tambaya, umarni na farko da jiha za ta ba wakilanta ba a kan kasafi ko wa'adi zai kasance ba. Zai kasance a kan dokokin zaman: kada ku yarda da zaman sirri, kada ku yarda da ƙuri'ar da ba a rubuta suna ba, ku tsaya sai dokar taron ta amince cewa takardar janyewa daga jiha tana aiki nan take. In an ƙi, ku fito.

Dokta Bashir: Yates da Lansing ma sun fito, Barista.

Barista Hauwa: Sun fito su biyu, cikin shiru, kuma ba su yi wa gwamnansu cikakken bayani a rubuce ba sai bayan an tashi daga taron. Jihohi goma su fito rana ɗaya a gaban kyamara, su faɗi dalili, wani abu ne daban. Duk abin da ya fito daga ɗakin bayan nan zai sha wuya kafin ya samu 38.

Malam Ɗanlami: Ni har yanzu ina nan kan cewa rantsuwa tana da amfani. Kada mu raina ta. Akwai mutanen da abin da suka ɗaga hannu suka yi alkawari a kansa yana hana su barci, ko babu ɗan sanda a ƙofa. Sai dai a nemo irinsu, kuma na yarda da Baba Audu cewa wajen nemowar ne aikin yake.

Nura Indiyana: Dokar jiharmu ta hana masu riƙe da muƙamin tarayya da masu kamun ƙafa da ke da rajista zama wakilai, wannan na yaba. Abin da nake so a ƙara shi ne a tilasta wa kowane wakili bayyana dukiyarsa da duk wanda ya biya masa kuɗin jirgi ko otal, sannan a ba marasa rinjaye a majalisa kasonsu a cikin tawagar. Zan rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu a kan waɗannan biyun da kuma maganar zaman sirri da Barista ta kawo. Hajiya Rabi, ke ma ki duba ko jiharku tana da irin dokar, don ba duka ke da ita ba.

Hajiya Rabi: In sha Allah zan duba a shafin majalisar jiha in na tashi daga aiki.

Zainab: Anti Barista, tambaya ta ƙarshe. A ce majalisar jiha ta janye wakili ta aiko da na ko-ta-kwana, shi kuma na farkon ya ƙi tashi, ya ce janyewar ba ta halatta ba. Mutum biyu ke nan a bakin ƙofa, kowa da takardarsa. Wa zai ce ga na gaskiya?

Barista Hauwa: Bisa al'adar irin waɗannan taruka, taron ne da kansa ke tantance takardun 'ya'yansa, yawanci ta hannun wani kwamiti. Wato sauran wakilan ne za su yanke, kuma kowannensu ya san ɓangaren da kowane ɗaya daga cikin biyun zai jefa wa ƙuri'a. Kotu na iya ƙin shiga, domin tun shari'ar Coleman da Miller ta 1939 ta nuna cewa wasu tambayoyin gyaran kundi na siyasa ne, majalisar tarayya ke da su. Shi ya sa na dage a kan dokokin zaman. Nura, in za ka rubuta wasiƙar, ka sa wannan a sahun farko, kafin maganar dukiya da otal. Ka turo mini daftarin in duba maka lafazin kafin ka aika.